Yadda ake zaɓar tamfol ɗin rufe jirgin ruwa, a kan titi da a bakin gulbi

Jirgin ruwa, ko na katako ne da ake fito da shi a gulbin Rima, ko na faiba (roba mai tauri da aka haɗa da zaren gilashi) mai inji irin wanda ake gani a madatsar ruwa ta Goronyo, ya fi daɗewa a ajiye bisa ga yadda yake daɗewa yana aiki. Mai fito zai yi safiya da maraice yana ƙetarar da mutane, masunci zai fita da asuba ya dawo da hantsi, sauran yinin da daren duka jirgin yana fili. A wannan zaman ne yake lalacewa. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Sakkwato kan haura digiri 40, rana tana gasa fenti da katako da robobin inji. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama na zuba a cikinsa ya kwana. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na hura masa ƙura, yana tsotse ɗan danshin da ya rage a jikin katako. Ganin haka sai mai jirgi ya shiga kasuwa ya yanko tamfol, ya jefa a kai, ya ɗaure da igiya, ya ɗauka ya gama.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, rufin jirgin da ke ɗaure a bakin gulbi daban, rufin jirgin da aka ɗora a mota ko ake ja a kan titi daban. Na bakin gulbi ana so ya tashi sama, ruwa ya gangara, iska ta ratsa ta ƙarƙashinsa. Na hanya ana so ya lafe a jikin jirgi, iska kada ta samu kafar shiga ko kaɗan. Wanda ya hau titi da na farko zai isa da tsumma. Wanda ya bar na biyu a kan jirgi damina guda zai buɗe ya tarar da fumfuna da ruɓaɓɓen katako.

Mataki na farko: ina jirgin ke kwana, da me kuma aka yi shi

Kafin ka taɓa aljihu, tambayi kanka sau nawa jirgin ke hawa titi a shekara. Mafi yawan jiragen katako sau ɗaya suke ganin kwalta, ranar da aka sayo su, a ce daga wajen Yauri, aka biyo da su ta Jega da Tambuwal da Bodinga a bayan babbar mota. Irin wannan kuɗinka su tafi ga rufin bakin gulbi. Amma jirgin faiba na ma'aikata ko na ƙungiya, wanda yau yana Goronyo, gobe an ja shi zuwa tafkin Kware, jibi Argungu, shi rufin hanya ne na gaba a wurinsa.

Sai jikin jirgin. Na faiba, abin da ke kashe shi hasken rana ne. Santsin nan mai sheƙi na waje yakan dusashe, har ka shafa hannu ka ga farin gari a tafinka, daga baya ya fara tsattsagewa. Yana son rufi mai tare haske sosai, mai laushi ta ciki. Na alminiyom bai damu da haske ba, sai dai kujeru da wayoyi da tiyon mai da ke cikinsa.

Na katako ne ke da wuyar sha'ani, kuma a nan aka fi yin kuskure. Katako yana kumbura idan ya sha ruwa, yana tsukewa idan ya bushe, kuma kumburin nan ne ke toshe haɗin allunan har jirgi ya daina yoyo. Idan aka fito da shi tudu a hunturu aka bar shi a rana, allunan za su ja baya da juna, haɗin ya buɗe, kwaltar da aka liƙa ta fashe. Ka lura da tsofaffin masunta: idan za su bar jirgi kwanaki, sukan kai shi inuwa, ko su bar shi cikin ruwa, don sun san bushewa ce ke buɗe shi. A ɗaya gefen kuma, idan ka naɗe jirgin katako da leda ruf, danshin da ke ciki ba shi da mafita, zafi ya haɗu da shi, katako ya fara ruɓewa daga ciki, musamman a kusurwoyi da ƙarƙashin kujeru. Don haka jirgin katako inuwa yake so da iska. A rani, zana ko tabarmar kaba da aka ɗora kan sanduna ta fi masa tamfol mai tsada amfani. Sai damina ta kawo kai ne yake bukatar abin da ke tare ruwa, shi ma a ɗage.

Mataki na biyu: awo

Ka ɗauki tef ka auna tsawo daga goshin jirgi zuwa bayansa, ta tsakiya, a miƙe. Ka auna faɗi a inda ya fi faɗi. Idan akwai abin da ya tashi sama, kamar gilashin gaban direba ko wurin sitiyari ko ƙarafan dafawa, ka ɗora tef ɗin a kansu, daga wannan gefe ya haura ya sauka a wancan. Sannan ka ƙara abin da zai sauko a kowane gefe, kamar santimita 20 zuwa 30, don rufin ya kama bakin jirgi. Kada ka sa inji cikin tsawon, shi da rigarsa daban.

Kada ka ce bari a yi shi da girma ya ishe kowane hali. Rarar yadi a kan titi ita ce iska ke kamawa, a bakin gulbi kuma ita ce ke lotsawa ta tara ruwa.

Mataki na uku: wane irin tamfol

Abin da za ka fi samu a babbar kasuwar Sakkwato da wajen masu kayan manyan motoci bai wuce iri huɗu ko biyar ba.

Akwai tamfol ɗin leda mai saƙa, shuɗi ko ruwan lemo, wanda ake shanya hatsi a kai. Yana da araha, ba shi da nauyi, yana tare ruwa yana sabo. Amma ranar Sakkwato ba ta barinsa. Zai fara ƙanƙamewa, sannan ya riƙa zubar da gari, ka ja shi ya yage. Ba ya numfashi, wato iska ba ta ratsa shi, kuma bai dace da titi ba ko kusa. Buhunan taki da ake farkewa a ɗinke su ma haka suke, har sun fi shi saurin mutuwa. A matsayin rufin wucin gadi na makonni, to. Fiye da haka asara ce.

Akwai tsohuwar banar talla da ake saukewa daga allunan bakin titi a sayar. Ta fi leda kauri, tana tare ruwa, amma tana taurara a rana ta kakkarye a inda aka ninke ta, kuma gefen da ke da fenti yana iya manne wa jikin faiba a cikin zafi. Idan ita ce ƙarfinka, ka yi amfani da ita a ɗage kan sanduna, kada ta taɓa jirgi.

Akwai tamfol ɗin tirela, mai zare a ciki da roba a waje, wanda ake kira PVC. Wannan yana da ƙarfi ƙwarai, yana jure iska da ruwa, kuma duk mai ɗinkin tamfol ya san hannunsa. Aibinsa biyu ne: nauyi, da rashin numfashi. Mutum ɗaya zai sha wahalar ɗora shi da sauke shi kullum, kuma rufin da ke da wahalar ɗorawa ƙarshensa a bar shi a ɗaki. Idan ka zaɓe shi, dole a yi masa kafofin iska.

Akwai kanbas na auduga, irin na tantin sojoji na da. Yana numfashi, yana da laushi a jikin jirgi, idan ya jiƙa zarensa na kumbura ya tare yawancin ruwa. Sai dai yana yin nauyi idan ya sha ruwa, yana tsukewa bayan wanki na farko, gara da ɓera na sonsa, kuma idan aka ninke shi da danshi ya ruɓe. Ga jirgin katako ina ganin har yanzu yana da gurbi.

Na ƙarshe su ne yadukan da aka yi musamman don jiragen ruwa, na foliyesta ko na akirilik. A jikin kwalinsu za ka ga lamba da harafin D, kamar 300D ko 600D. Lambar tana nuna kaurin zaren: nauyin zare mai tsawon mita 9,000 ke nan a ma'aunin giram, don haka zaren 600D ya ninka na 300D nauyi. Don ja a kan titi kada ka sauka ƙasa da 600D. Ka kuma tambaya ko an rina zaren tun wajen narka shi ne, ko bayan an saƙa aka tsoma yadin a rini, domin na farkon ya fi daɗewa bai koɗe ba. Akirilik irin na Sunbrella, da ake yi a Amurka, shi ne ya fi kowanne jure rana kuma yana numfashi, sai dai tsada, kuma sai an yi odarsa daga Legas ko waje. Foliyesta ya fi shi jure gogayya, shi ya sa ya fi dacewa da hanya.

Game da launi, fari da ruwan ƙasa mai haske sun fi rage zafi a ƙarƙashi, baƙi da shuɗi mai duhu suna tara zafi sosai. A garin da ƙarfe ke ƙona hannu da azahar, ni launin toka ko ruwan ƙasa nake ba da shawara. Fari tas kuma ƙurar hunturu za ta mayar da shi ja tun makon farko.

Kada ka biya sai ka gwada. Ka ɗaga yadin ka kalli rana ta cikinsa. Idan ka ga ɗigo-ɗigon haske kamar an tsattsaga da allura, ruwa zai bi ta nan. Ka lotsa shi a tafin hannunka ka zuba ruwan leda ɗaya, ka jira minti 5, ka shafa ƙasan. Ka ninke kusurwa ka matse da yatsa ka buɗe: idan farin layi ya fito, robar ba ta da inganci. Ka karce da farce ka ga ko tana ɓarewa. Sannan ka kafa baki ka hura, idan iska ta ɗan wuce yana numfashi, idan ba ta wuce ba ka san sai da kafofi.

Mataki na huɗu: wajen mai ɗinki

Rufin da aka ɗinka daidai jikin jirginka ya fi wanda aka sayo a kwali, kuma muna da masu hannu, tsakanin masu ɗinkin tamfol da masu ɗinkin kujerun mota. Idan da hali ka kai mai ɗinkin inda jirgin yake ya gani da idonsa. Ka ce masa, "Maigida, don Allah zaren foliyesta mai kauri za ka sa mini, ban da na auduga." Wannan maganar tana da muhimmanci, don sau da yawa yadi na nan garau zare ne ke mutuwa, ɗinki ya warware. Ka roƙe shi ya yi ɗinki layi biyu, ya ɗora yanki na sama a kan na ƙasa yadda ruwa zai gangara ya wuce haɗin. Ya ninke bakin rufin ya zura igiya a ciki ta zagaye duka, yadda za a iya tsuke shi a ƙarƙashin bakin jirgi. Ya ƙara faci ta ciki a goshi da kusurwoyin baya da duk inda ƙarfe zai taɓa.

Wurin ɗaura igiya kuma, madaukan bel da aka ɗinke sun fi idon ƙarfe da ake bugawa ƙarko, domin idon yakan fizge ya bar rami. Idan dai idon za a sa, a sa na tagulla, a kan yadi ninki uku, tazarar kamar rabin mita tsakani. Na baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya ci yadin, ya kuma ɓata jikin jirgi. Sai kafofin iska guda biyu aƙalla, ɗaya gaba ɗaya baya, kowace da ɗan murfi mai kallon ƙasa da raga a ciki don ƙwari.

Mataki na biyar: ɗauri idan za a hau titi

Ƙarfin iska a kan tamfol yana hauhawa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Idan ka ninka gudu daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, ƙarfin da ke jan rufin ya ninka sau 4. Ka taɓa bin bayan a-kori-kura a hanyar Achida ka ga tamfol ya kumbura yana faɗuwa, ya kumbura yana faɗuwa, gefensa na dukan kaya fat-fat? Kowane bugu ɗaya yana goga ƙura a jikin abin da ke ƙasa. A jikin faiba, tafiya ɗaya ta isa ta cinye sheƙin wurin. Saboda haka, idan rufinka bai lafe ba, gara ka cire shi, ka kwashe kayan cikin jirgi ka sa a mota, ka yi tafiyar a buɗe, ka rufe in ka isa.

Idan kuma rufin hanya ne na gaske, ga tsarin. Ka fara wanke jirgin ya bushe, don kada ka rufe yashi a tsakani. Ka ɗaure jirgin kansa a jikin tirelarsa, wato amalanken da ake jan sa a kai, ko motar, gaba da baya, da bel ɗinsa daban. Bel ɗin rufi ba ya riƙe jirgi. Ka naɗe duk wani kaifi da tsohon bargo ko guntun kafet. Ka soma ɗora rufin daga goshi, domin nan ne iska ke fara bugowa, kuma muddin ta shiga ta nan aikin ya lalace. Ka ja shi baya, ka tsuke igiyar baki, sannan ka ratsa bel ta ƙarƙashin jirgi, a ƙalla kowace mita ɗaya. Irin bel ɗin direbobin tirela mai ƙarfen matsewa ya fi igiya, amma kada ka matse har ɗinki ya fara kuka. Ka ɗan murɗa bel ɗin sau ɗaya a inda yake rataye cikin iska, zai rage karkarwa. Ka ƙulle duk jelar da ta rage, kada ta kai ga taya. Ka tabbata rufin bai rufe fitilun baya ko lamba ba, kuma idan jirgin ya zarce bayan mota a ɗaura jan ƙyalle a ƙarshensa.

Bayan kilomita 10 ko 15 ka tsaya ka zagaya, domin yadi da bel suna saki da zarar sun sha iska. Ka ƙara matsewa, ka kuma riƙa kallon madubi. Idan jirgin zai kwana a kan tirela da damina, ka cire toshiyar magudanar baya, ka ɗaga goshi sama, ka rataye toshiyar a inda dole a gan ta kafin a sa jirgi a ruwa.

Mataki na shida: ɗauri a bakin gulbi

A nan lissafi ɗaya ya isa. Ruwan sama milimita 1 a kan fili murabba'in mita 1 lita 1 ne, lita 1 kuma kilo 1. Jirgi mai buɗaɗɗen sama murabba'in mita 8, idan aka yi ruwan milimita 50 a dare ɗaya, kamar yadda akan yi a watan Agusta, ya karɓi lita 400, wato kilo 400. Idan tamfol a shimfiɗe yake, duk wannan nauyin zai taru a tsakiyarsa, ya yaga shi ko ya fizge madaukai ya zube cikin jirgi gaba ɗaya. Ƙaramin jirgi na iya nutsewa a inda yake ɗaure.

Maganin shi ne a yi wa rufin tudu a tsakiya kamar jinkar ɗaki. Ka samu gora ko doguwar sanda ka shimfiɗa daga goshi zuwa baya, a kan 'yan sanduna biyu ko uku masu baki biyu, ta ɗara bakin jirgi da kamar rabin mita. Ka naɗe kan sandunan da tsumma. Ka ɗora rufin, ka ja gefensa ya miƙe sosai, babu inda ya lotsa. Ka zuba bokitin ruwa a kai ka gani, duk inda ruwa ya tsaya ka gyara. Ka bar gaba da baya a ɗan buɗe don iska, amma ka tuna hadarinmu daga gabas ya fi tasowa, da iska mai ƙarfi a gabansa, don haka ɓangaren da ke fuskantar gabas shi za ka fi tsukewa.

Tunda jirgi na kan ruwa, ba za ka ratsa bel ta ƙarƙashinsa ba. Ka sa a kafa masa ƙugiyoyi ko ƙawanyu a wajen bakinsa. Robar cikin taya da aka yanka siri-siri tana da amfani a nan, don tana ba da hanya idan iska ta bugo ta kuma dawo, sai dai rana na cin ta, ka riƙa sauyawa. Wasu na rataya galan mai yashi a gefe don ya ja rufin ƙasa, yana aiki, muddin gefen bai taɓa ruwa ba. Kada ka ɗaure igiyar rufi a turke ko a bishiyar gaɓa. Rima na cika tana janyewa, musamman idan an saki ruwa daga Goronyo, kuma jirgi zai tashi ko ya sauka ya bar rufin a rataye. Rufi a jikin jirgi yake ɗaure, jirgi kuma a turke, da igiya mai rara.

Rufewa ba ta ɗauke maka zuwa dubawa. Bayan kowane ruwa mai ƙarfi ka je ka ɗaga gefe, ka kwashe abin da ya shiga. Ka fara bubbuga rufin da sanda kafin ka sa hannu, don maciji da kunama na son inuwar, ɓera kuma na shiga ya ci tiyon mai da wayoyi.

Inji, fetur da kayan ciki

Inji ya huce tukuna kafin a rufe shi, kuma rigarsa ta zama mai numfashi, ba leda ba, don gumi a ciki na kawo tsatsa a wayoyi. A kan titi, rigar da ba ta kama shi tsam ba a cire ta. Tankin fetur kuma kada ya kwana ƙarƙashin rufi a cikin zafin nan. Fetur na tururi, tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi, kuma tartsatsi ɗaya daga batir ko sigari ya isa. Ka sauke tankin ka kai inuwa, ka cire kan batir, kuma duk lokacin da ka buɗe rufi ka bar iska ta ratsa kafin ka tayar da inji. Rigunan ceto da taru su bushe kafin a sa su ciki. Rigar ceton da fumfuna ta ci ɗinkinta ba za ta riƙe mutum ba ranar da ake bukatarta.

Wankin rufin da ruwa ne da sabulu mai laushi da burushi mara kaushi. Omo da bilic suna wanke maganin tare ruwan da ke jikin yadi. Kashin tsuntsu ka goge shi da wuri, don yana cin yadi idan ya daɗe. Ka shanya ya bushe ƙarau kafin ka naɗe, ka naɗe shi daga baya zuwa gaba yadda gobe za ka fara da goshi, ka rataye shi nesa da ƙasa saboda gara. Ƙaramar yagewa a yi mata faci ciki da waje a ranar da aka gan ta, da zagayayyun kusurwoyi don kada su ɗago. Kowace shekara a watan Mayu, kafin ruwan farko, ka shimfiɗa shi ka ja kowane ɗinki da hannu, ka maimaita gwajin ruwan nan na kasuwa. Idan zare ne ya mutu, mai ɗinki zai sake bi. Idan yadin kansa ne ke yagewa da jan hannu, lokacin sabo ya yi, kuma tsohon ka kai wa mai ɗinki ya yanka sabon a kansa.